Tankaɗe Da Rairaya: Rayuwar Lauya Mai Tantance Takardu A Amurka

 

Kwamitin ilmi ya nemi mu yi bayani a kan sana'ar da muke ci da ita a Amurka, musamman saboda yaranmu da ke karatun lauya, waɗanda da yawansu hankalinsu ya karkata ga fita waje. To, lauyan da jama'a suka sani shi ne mai baƙar riga da farin gashin doki a ka, wanda zai miƙe gaban alƙali ya yi ta zuba Turanci har wanda ake ƙara ya fara gumi. Akwai kuma wani lauyan wanda sai ya shekara goma yana aiki bai taka ƙofar kotu ba, bai san fuskar mai shari'ar da yake yi wa aiki ba, alƙali kuma bai taɓa jin sunansa ba. Aikinsa karanta takardu, daga safe har dare. Irinmu ke nan, kuma mu dubbai ne a biranen Washinton da Niyu Yok da sauransu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aikin ya samu. A dokokin shari'ar kotunan tarayyar Amurka, waɗanda suka fara aiki a 1938, in mutum biyu ko kamfani biyu suka shiga ƙara, kowane ɓangare yana da ikon ya tilasta wa ɗaya ya miƙa masa duk takardun da suka shafi maganar, tun kafin a zauna sauraron shari'a. Har da takardar da za ta kayar da kai, dole ka bayar. A zamanin da, kwalaye ne ake jibgewa a sito, lauyoyi su shiga da abin rufe hanci saboda ƙura, su yi ta buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo, kowane ma'aikaci ya koma rubuta saƙon imel hamsin ko ɗari a yini, sai abin ya wuce a zuba a sito. A watan Disamba na 2006 aka gyara dokokin, aka faɗa ƙarara cewa duk abin da ke ajiye cikin na'ura yana cikin abin da za a iya nema. Yau kuwa har saƙonnin waya da muryar da aka naɗa sun shiga ciki.

Ba wanda zai kwashi takardun kamfaninsa ya miƙa wa abokin gaba bai san abin da ke ciki ba. Haka shi ma wanda aka miƙa wa, sai ya sami mai karanta masa. Don ku gane yawan abin, ga misali ɗaya. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008, kotu ta naɗa wani lauya, Anton Valukas, ya binciko dalili. Shi da mutanensa sun karanta shafi wajen miliyan 34, kuma lauyoyin haya fiye da 70 ne suka yi karatun farko. Daga cikin wannan tulin ne aka tono dabarar da bankin ya riƙa yi, ta kawar da kadarori na kusan dala biliyan 50 daga littafinsa in ƙarshen zango ya zo, don a ga kamar bashin da ke kansa bai kai yadda yake ba, bayan 'yan kwanaki kuma ya maido su. Rahoton ya fito a 2010, shafi 2,200, da sunan Valukas a bangonsa. Su waɗancan 70 ɗin, ba wanda ya san su.

To yaya yinin yake tafiya? Da farko dai, yawancinmu ba ma'aikatan manyan kamfanonin lauyoyi ba ne. Akwai dillalan aiki a tsakani. Saƙo zai shigo maka ranar Alhamis cewa ana neman lauyoyi 40, aikin mako shida, a fara Litinin. Ka amsa da sauri, don kafin la'asar gurbi ya cike. Za su aiko maka da sunayen kamfanonin da ke cikin shari'ar, ka tabbatar ba ka taɓa yi wa ɗaya ɓangaren aiki ba, ka sa hannu a takardar riƙe sirri. Ranar farko wani lauya daga babban kamfani zai zo ya yi bayanin shari'ar na sa'a biyu ko uku, ya raba kundin umarni, ya tafi. Wani lokaci ganinka da shi ke nan.

Kafin annobar 2020 a ɗaki ɗaya ake tara mu, tebur a jere kamar ɗakin jarrabawa, sau da yawa ba taga. A wasu wuraren sai ka ajiye wayarka a bakin ƙofa. Daga 2020 aka mayar da yawancin aikin gida, mutum ya shiga rumbun takardun ta intanet, manhajar kuma tana lissafa duk motsinsa. Manhajar da aka fi sani sunanta Relativity. Takarda za ta bayyana a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ga ƙananan akwatuna da za ka danna. Tambayoyin ba su canzawa. Wannan takarda ta shafi abin da aka nema, ko ba ta shafa ba? In ta shafa, wane batu daga cikin batutuwan shari'ar? Akwai sirrin lauya a cikinta? Tana da zafi, watau irin wadda in manyan lauyoyi suka gan ta za su tashi tsaye? Ka danna, ta wuce, wata ta zo. Abin da aka saba nema shi ne takarda wajen 50 a sa'a ɗaya, kuma kowace yamma mai kula da aiki yana ganin adadin da kowa ya yi. Akwai kuma ayari na biyu da ke ɗibar samfuri daga aikinka su sake dubawa. Wanda ya cika jinkiri za a sallame shi, wanda ya cika gaggawa yana kuskure shi ma haka.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan aiki, domin tsintar tsakuwa ce a cikin shinkafa. A takarda ɗari, casa'in da wani abu tarkace ne: gayyatar cin abincin rana, sanarwar an ɗage taro, wasiƙa ɗaya da aka tura wa mutum talatin kowa da kwafinsa. Ido yana gajiya, baya yana ƙagewa, hankali yana so ya tafi yawo. Kuma tsakuwar ba ta sanarwa in za ta zo. Tana iya zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a layi na ƙarshe na wata doguwar wasiƙa, inda wani manaja ya rubuta wa abokinsa rabin jimla cewa kada a sa wannan magana a rubuce.

Inda aikin ya fi hatsari shi ne maganar sirrin lauya. Doka ta ce abin da mutum ya faɗa wa lauyansa don neman shawarar shari'a, da shawarar da lauyan ya ba shi, ba a tilasta bayyana su. Mu ma nan gida muna da irin wannan kariya a sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011. Sai dai gane irin wannan takarda ba sauƙi gare shi ba kamar yadda ake zato. Sa sunan lauya a cikin waɗanda aka aika wa kwafi bai mayar da wasiƙa sirri ba. Lauyan kamfani yana iya ba da shawarar ciniki zalla, wannan ba ta da kariya. Wata wasiƙar kuma ba sunan lauya ko ɗaya a kanta, amma akanta ne yake gaya wa manaja abin da lauya ya ce, to wannan tana iya samun kariya. In kuma aka tura shawarar ga wani bare, kariyar tana iya faɗuwa. Duk wannan hukunci mutum zai yanke shi cikin minti ɗaya ko biyu. Kowace takardar da aka riƙe kuma sai an rubuta ta a wani dogon jadawali, wa ya rubuta, wa aka aika wa, yaushe, kuma don me aka riƙe, ba tare da an tona abin da ke ciki ba. Duk wanda ya taɓa yin mako uku a kan wannan jadawali ba ya marmarin ya koma.

In aka yi sake kuwa, ana jin jiki. A 2008, a wata shari'a a jihar Maryland tsakanin kamfanin Victor Stanley da na Creative Pipe, ɓangare ɗaya ya miƙa takardu 165 na sirri bisa kuskure, alƙali Paul Grimm ya ce ba su nuna sun yi taka-tsantsan da ya kamata ba, don haka kariyar ta faɗi, abokan gaba su yi amfani da su. A cikin shekarar ne aka kafa wata sabuwar ƙa'ida, mai lamba 502, wadda ta sauƙaƙa maido da irin wannan takarda in ta kuɓuce. Amma ko an maido ta, wanda ya karanta ai ya riga ya karanta. Haka nan rufe wasu layuka da baƙi, wanda shi ma aikinmu ne. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda kotu sun rufe wasu wurare da baƙi, ashe rubutun yana nan a ƙarƙashi. 'Yan jarida suka kwafe shi suka liƙa a wani shafi, sai ga komai a fili.

Wani zai ce, to me ya hana a sa kwamfuta ta nemo kalmomin da ake so a huta? An gwada tun da daɗewa. A 1985 wasu masana biyu, David Blair da M. E. Maron, sun auna wannan a kan takardu wajen 40,000 na wata shari'a. Lauyoyin sun yi imani cewa da kalmomin da suka zaɓa sun samo aƙalla kashi 75 cikin 100 na takardun da ake bukata. Da aka ƙirga, wajen kashi 20 kawai suka samo. Dalili shi ne mutane ba su kiran abu da sunansa, balle abin da suke jin tsoro. Ku ɗauka a ce shari'ar cin hanci ce a nan ƙasar, aka ce wa na'ura ta nemo kalmar cin hanci ko rashawa. Me za ta samo? Ba komai. Wanda ya bayar zai rubuta cewa an kai goro, ko an ga mutumin, ko a tuna da yara. Sai wanda ya san harshen, ya kuma karanta wasiƙu ɗari na mutumin nan har ya san yadda yake magana, shi zai gane cewa wannan goron ba na suna ba ne. Shi ya sa ma wanda ya iya wani harshe, kamar Japananci ko Jamusanci ko Larabci, ake biyansa fiye da mai Turanci kaɗai, wani lokaci har ninki.

Yanzu mu zo ga maganar da ƙannenmu suka fi son ji, watau kuɗi. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wannan magana ta hau kan dalar Amurka daidai wa daida. Da sa'a ake biya. Ranar da ba ka yi aiki ba, ba ka da ko sisi. Aikin da aka ce na mako shida ne yana iya mutuwa a rana ta huɗu, saboda masu shari'ar sun sasanta da daddare, ka wayi gari ka tarar da saƙon godiya. Yana kuma iya kai wa shekara. Ba ka isa ka tsara komai ba, ga kuɗin haya da bashin makaranta ba su san an sasanta ba. Ba ƙarin girma, wanda ya shekara takwas da wanda ya zo jiya kusan kuɗinsu ɗaya. Daɗin daɗawa, tun wajen 2008 kamfanoni suka riƙa tura wani kaso na aikin zuwa Indiya da ƙananan garuruwan Amurka inda rayuwa ta fi araha, wannan ya danne farashi ya hana shi tashi.

Akwai shari'ar da duk mai wannan sana'a ya sani. Wani lauya, David Lola, ya yi wata 15 daga 2012 yana tantance takardu a jihar North Carolina, a wani aiki na babban kamfanin lauyoyi na Skadden, ana biyansa dala 25 a sa'a, yana yin sa'a 45 zuwa 55 a mako. Dokar ƙwadago ta Amurka ta ce duk sa'ar da ta haura 40 a mako a biya ta ɗaya da rabi, amma ta cire lauyoyi masu aikin lauya daga wannan gata. Sai Lola ya kai ƙara, hujjarsa kuwa ita ce abin da yake yi ba aikin lauya ba ne, tunda an riga an tsara masa komai, nasa dannawa kawai. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara da ke Niyu Yok ta ce ƙarar tana da tushe a saurare ta, domin wanda ke yin abin da na'ura za ta iya yi gaba ɗaya ba za a ce yana aikin lauya ba. Daga baya aka sasanta. Ku duba fa, jama'a: mutum ya yi shekaru yana karatu, ya ci jarrabawa, sa'an nan sai ya rantse cewa shi ba aikin lauya yake yi ba kafin ya sami haƙƙin guminsa. A ganinmu kotun ta yi daidai a kan irin aikin da aka ba Lola, amma ba duka aikin ne haka ba, kuma wanda ya taɓa yanke hukunci a kan sirrin lauya ya san da haka.

Na'urar kuwa ta zo, ba wasa. A Fabrairun 2012 alƙali Andrew Peck na Niyu Yok ya amince a yi amfani da manhajar da ake koya wa aiki: ƙwararren lauya ya tantance 'yan dubban takardu, manhajar ta koyi yadda yake zaɓe, ta jera sauran miliyoyin daga mafi muhimmanci zuwa tarkace. Kotun Ingila ta bi sahu a 2016. Daga 2023 kuma aka shigo da sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke karanta takarda su taƙaita ta har su faɗi dalilin zaɓensu. Aikin da a da za a ɗebi mutum ɗari, yanzu kaɗan ake nema. Wanda ya fi tsira shi ne wanda zai iya duba aikin na'urar ya ce nan ta yi kuskure, da wanda zai tsaya gaban alƙali ko abokan gaba ya kare hanyar da aka bi.

Kada a ɗauka duk wannan labarin wata duniya ce da ba ta shafe mu ba. A Janairun 2010 gwamnatin tarayya ta sa hannu a kwangilar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID, zai gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko bulo ɗaya ba. Kamfanin ya kai ƙara gaban masu sulhu a Landan, a 2017 aka ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa kuma ya haura biliyan 11 kafin 2023, kusan kashi ɗaya cikin uku na ajiyar kuɗin waje da ƙasar ke da shi a lokacin. Ranar 23 ga Oktoba, 2023, alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samo wancan hukunci. Me ya ceci ƙasar? Takardu. Bayanan banki da aka bi layi-layi suka nuna kuɗin da aka riƙa tura wa wata jami'ar ma'aikatar man fetur. Sa'an nan a lokacin musayar takardu ta bayyana cewa kamfanin yana riƙe da takardun sirri na lauyoyin Nijeriya tun ana cikin shari'ar sulhun, watau yana ganin duk shawarar da ake ba gwamnati. Manyan lauyoyi ne suka yi magana a kotu, haka ne, amma sai da wasu suka zauna watanni suna tankaɗe da rairaya kafin a sami abin faɗa.

Ga iyayenmu 'yan kasuwa kuma, masu harkar shanu da goro da canji da motoci, akwai abin ɗauka a nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofa ga kotunan Nijeriya su karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a matsayin shaida, in an cika sharuɗɗa. Saƙon WhatsApp da Alhaji ya tura wa abokin ciniki da tsakar dare yana iya zama takarda a gaban alƙali, ko ya taimake shi ko ya kayar da shi. In rigima ta taso kuma, kada a yi saurin gogewa. A Amurka wata ma'aikaciyar banki, Laura Zubulake, ta kai ƙarar bankin UBS Warburg a kan wariyar jinsi, aka gano an goge wasu saƙonnin imel bayan an san shari'a na tafe. Alƙaliya Shira Scheindlin ta ba masu yanke hukunci damar su ɗauka cewa abin da aka goge ɗin ba zai yi wa bankin daɗi ba, a 2005 suka ba matar sama da dala miliyan 29. Dokarmu ma ta ba alƙali damar ya ɗauka cewa shaidar da mutum ya ɓoye, da ya kawo ta da ta kayar da shi.

Ku kuma ɗalibai, ga abin da za mu ce. Jihar Niyu Yok tana daga cikin jihohin da ke barin wanda ya yi karatun lauya a ƙasar da ta gaji dokar Ingila ya zauna jarrabawarta, bayan hukumar ta tantance takardunsa, wasu kuma sai sun ƙara digiri na biyu a can. Wannan digirin yana da tsada ƙwarai, kuma mun ga gidajen da aka sayar da fili saboda shi. Wanda ya ci jarrabawar, sau da yawa wannan aiki namu ne ƙofar farko da za ta buɗe masa, domin ba a tambayar wa ka sani. Ba aikin kunya ba ne, ya biya wa mutane da yawa haya, ya yi wa iyaye aike. Amma a shige shi da lissafi. A sa wa kai wa'adi, shekara ɗaya ko biyu. A nemi shiga ayarin masu duba sirrin lauya da masu duba aikin wasu, a koyi yadda manhajar take aiki ta ciki, a riƙe Larabci ko Faransanci in ana da su. Kuma tun kafin a tafi, ga wurin gwaji nan a gida: duk bayan zaɓe, lauyoyin masu ƙara suna da kwana 21 kacal su shigar da ƙara, kotu kuma kwana 180 ta yanke hukunci, alhali rumfunan zaɓe a 2023 sun haura 176,000, kowace da takardar sakamakonta. Ofisoshin lauyoyi a Legas da Ibadan da Abuja suna neman matasa masu haƙurin zama su bi waɗannan takardu ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi wata biyu a kan wannan zai san ko idonsa da bayansa za su iya ɗauka.

Shugaba ya yi mana nuni cewa lokaci ya tafi, kuma akwai masu tambaya.